Na hau Dutsen Kufena, amma hotunana ba su nuna abin da na gani ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. A watan Janairun da ya wuce ni da abokaina mun hau Dutsen Kufena, mun isa sama wajen ƙarfe 1 na rana. Abin da idona ya gani a can ba zan iya kwatanta shi ba. Amma da na dawo na duba hotunan da na ɗauka da waya, sai na ga sama ta yi fari fat, gari ya dushe, shi kansa dutsen ya koma kamar ɗan tudu. Laifin wayar ne? Ko sai na tara kuɗi na sayi babbar kyamara? Sannan ina ɗan taɓa rubutun waƙa, na so in rubuta wani abu a kan wurin, shi ma ya ƙi fitowa. Ina neman shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ta taɓo abin da na fi shekara 20 ina fama da shi. In na fahimce ka da kyau, damuwarka ɗaya ce, ta dai fito ne ta ƙofa biyu. Akwai abin da ya cika maka ido da zuciya a kan Kufena, ka nemi saukowa da shi, a waya da kuma a takarda, ya ƙi biyo ka. Ban ga hotunan ba, don haka ba zan ce ga abin da ya sami kowanne ba. Amma watan da ka ambata da sa'ar da ka isa sama sun ba ni mafi yawan labarin. Bari in fara da abin da ya shafi aljihunka: kada ka sayi kyamara tukuna. Da ka hau da wadda ta fi kowace tsada a kasuwa, a wannan wata, a wannan sa'a, da abin da za ka sauko da shi bai fi na wayarka ba sai kaɗan.

Ƙarfe 1 na rana a tsakiyar hunturu

Kyamara ba dutse take ɗauka ba, hasken da ya sauka a kan dutse take ɗauka. Abin da ke nuna wa ido cewa dutse yana da kauri da tsagu da kumburi, inuwa ce. Idan rana tana gefe, kowane ɗan tsagi yakan jefa tasa inuwar, sai fuskar dutsen ta fito kamar ta dattijo, kowane layi a bayyane. Idan ta hau sama, inuwa takan maƙale a ƙarƙashin abin da ya haife ta, komai ya baje ya zama launi guda. Ka gwada da ƙwarya mai zane. Riƙe ta a tsakar gida da azahar, sannan ka sake riƙe ta a bakin zaure da yamma, ka ga yaushe zanen ya fi tashi.

Ga kuma bambancin da ke tsakanin ido da na'ura. Ka kalli sama, ƙwayar idonka ta tsuke. Ka juyo ka leƙa bakin kogo, ta buɗe. Duk cikin ƙiftawa ne, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke su ta ba ka abu ɗaya cikakke. Ita kyamara dole ta zaɓi gefe. In ta auna haskenta da dutse mai duhu, sama ta ƙone ta yi fari. In ta auna da sama, dutse ya yi baƙi ƙirin. Da rana tsaka tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu takan fi ƙarfin kowace kyamara, ta waya ce ko babba.

Sai ƙura. Janairu tsakiyar hunturu ne, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da ruwa ya kwanta, ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Ƙurar nan rataye take a iska, kowace ƙwayarta tana watsa hasken rana ta ko'ina. Tsakanin inda ka tsaya da birni akwai kilomitoci na wannan hazo. Idonka ya san akwai gari a can, ya san inda hasumiya take, ya san inda hanya ta bi, sai ya cike abin da hazo ya haɗiye ba tare da ka sani ba. Kyamara ba ta san Zariya ba. Abin da ya iso gare ta kaɗai za ta ba ka.

Harshenmu ya riga ya raba haske

Masu ɗaukar hoto na ƙasashen Turai suna yawan maganar sa'ar farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta. Gaskiya suka faɗa, amma mu ba sai mun je aro ba. Bahaushe bai tsaya a kan safe da yamma ba. Yana da asuba da ketowar alfijir da sassafe da hantsi da walaha da rana tsaka, yana da azahar da la'asar da la'asar sakaliya da almuru. Kowanne cikinsu launi ne daban a jikin dutse. Manomi da makiyayi da fatake ne suka raba yini haka, don a waje suke wuni, sun ga yadda haske ke juyawa. Ni da waɗannan sunaye nake aiki. Lokacina na safe daga ketowar alfijir ne zuwa kafin hantsi ya ɗaga. Na yamma kuwa daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Abin da ke tsakani na tafiya ne da dube-dube da hutawa a inuwa.

Sai dai ka sani wannan haske gajere ne a wajenmu. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, rana a nan kusan a tsaye take hawa, kamar digiri 15 a kowace awa. Haske mai laushin nan ba ya wuce minti 30 zuwa 40. A ƙasa irin Ingila a karkace take hawa, shi ya sa za ka ji suna maganar awa ɗaya ko biyu, kada wannan ya ruɗe ka. A Zariya rana na fitowa wajen ƙarfe 6:50 a Janairu, wajen 6:20 a Oktoba. Wanda ya baro ɗaki bayan ta fito ya riga ya makara. Dole ka kasance a inda za ka tsaya tun da sauran duhu, wato ka riga ka san wurin da rana, ka san inda za ka sa ƙafa.

Bari in ba ka labarin wata safiya. Watan Oktoba ne, na yi sallar asuba a ɓangaren Wusasa, unguwar da ke kusa da gindin Kufena, na bi wata 'yar hanya har bakin wata gonar dawa da ke gabas da dutsen. Raɓa ta jiƙe mini wando har gwiwa. Kufena na gabana baƙi wuluk, ba ka ganin komai sai siffarsa. Can cikin duwatsu kazar dutse ta fara kira, wata ta amsa mata. Sai na ga ƙololuwar ta kama ja kamar garwashin da aka hura, alhali inda nake tsaye duhu bai gama wayewa ba. Jan nan ya riƙa gangarowa sannu a hankali, yana buɗe tsagu ɗaya bayan ɗaya, har baƙaƙen layukan da ruwan damina ya bari a jikin dutsen suka fito raɗau. Kafin ya iso kan zangarniyar dawa, wani dattijo ya ɓullo a kan keke, lauje a kafaɗa. Muka gaisa, na roƙe shi, ya yarda ya wuce ta gabana. Cikin minti kaɗan launin ya koma fari, aka gama. Wannan hoto yana rataye a ɗakina har yau. Abin da ba a gani a cikinsa shi ne, sau 3 na je wannan bakin gona kafin ranar. Sau biyu hadari ya tare gabas, sau ɗaya na tsaya a inda wata ɗorawa ta kare mini rabin dutsen.

Ka lura da gabas da yamma. Birnin Zariya gabas yake da Kufena, Samaru kuma arewa. In kana sama da safe kana kallon birni, rana kake fuskanta, gari zai fito dishi-dishi. Hoton birni daga sama na yamma ne, lokacin da rana ke bayanka. Hoton dutsen kansa daga ɓangaren Wusasa na safe ne. Kuma rana ba wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. A Disamba takan karkata kudu, a Yuni ta karkata arewa. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, da tsakar rana ma ta arewa da kai take bi. Fuskar dutsen da ke cikin inuwa da ɗari tana iya zama ita ce mai haske da damina.

Game da watanni, in so samu ne ka jira kaka. Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba ruwa ya wanke iska, ciyawa ba ta gama bushewa ba, gizagizai na nan jefi-jefi, hazo bai iso ba. Kwanakin da ke biyo bayan ruwan farko su ma suna da kyau, ana hangen nesa tar. Amma ban ce ka jingine waya da hunturu ba. Hazo yana kashe hoton nesa, yana kuma raya wani iri. Kan mayar da rana farin faifai wanda za ka iya ɗauka kai tsaye da sassafe. Kan jera duwatsu sahu-sahu, na kusa mai duhu, na bayansa ya fi shi haske, har na ƙarshe ya narke cikin sama. Na fi ganin wannan a tsaunukan Shere da ke gefen Jos, inda ƙololuwa ta kai mita 1,829. Da hunturu ka nemi abin da ke kusa: kuka da ta zubar da ganye, gawo da ya yi kore shar a lokacin da sauran itatuwa suka bushe, makiyayi da sandarsa a wuya. Maris da Afrilu kam, ka bar hawan rana gaba ɗaya, zafin ya wuce wasa.

Dalilin da dutse ya ƙanƙance

Gilashin babbar kyamarar waya mai faɗin gani ne, kwatankwacin milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin manyan kyamarori. An yi shi ne don ya kwashe mutane da yawa a cikin ɗaki. Irin wannan gilashi yana kumbura abin da ke kusa, yana ƙanƙanta na nesa. Kai kuma idan ka zuba wa dutse ido, hankalinka yakan watsar da duk abin da ke gefe ya bar shi kaɗai, shi ya sa kake jin girmansa. Waya ba ta watsar da komai. Ta haɗa shi da fili da sama da turakun lantarki, ta ba shi ɗan gurbi a tsakiya.

Sannan wanda ke kan dutse ba ya ganin dutse. Magabata sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, suna nufin ganin abu daga nesa ba samunsa ba ne. A sana'armu hangen shi ne aikin. In kana son girman Dala ya fito, Goron Dutse za ka hau, ko ka sami wani bene a unguwannin da ke kewaye, ka bar rufin gidaje su taru a gindinsa. Haka Kufena. Ja da baya, ka yi amfani da gilashin da aka rubuta wa 2x ko 3x in wayarka na da shi. Amma kada ka zuƙo da yatsu fiye da haka, domin yanka hoton kawai wayar ke yi tana buɗa shi, ingancinsa na zubewa.

Dutse ba ya nuna girmansa sai an ajiye masa ma'auni. Mutum, saniya, giginya, rumbu, duk abin da ido ya san tsawonsa. Da abokanka da kuka hau tare, da ka tura ɗaya ya tsaya can bakin wani falalen dutse, kai ka ja baya har ya zama kamar tsinke, da wanda bai taɓa zuwa ba ya gane abin da kuka hau. In kuma kana sama kana son hoton ƙasa, kada ka miƙe tsaye ka ɗaga waya daidai ido kamar yadda kowa ke yi. Durƙusa. Nemi wani abu a gabanka, ko tsagin da ya nufi inda kake kallo, ko ɗan ramin da ruwan sama ya taru, ko itacen ararraɓi da ya fito daga cikin dutse. Ido yana son abin da zai taka kafin ya tsallaka nesa.

Duwatsun ma ba jinsinsu ɗaya ba, kuma kowanne da hasken da ke karɓarsa. Kufena irin dutsen nan ne mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini, ya kai kimanin shekara miliyan 600, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta zaizaye ta bar shi tsaye. Launinsa toka-toka ne, yana buƙatar haske daga gefe. Dala da Goron Dutse marmara ce a samansu, ja ce mai ƙarfe a ciki, shi ya sa tun wajen ƙarni na 7 ake narkar da tama a gindin Dala. Jar marmara da la'asar sakaliya kamar wuta take kamawa. Dutsen Wase a Filato kuwa ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ne, tsaye yake cak a tsakiyar fili, ya fi kyau daga nesa da almuru, siffarsa kaɗai a jikin sama.

Abin da za ka yi da wayar da ke hannunka

Goge gilashin kafin komai. Waya a aljihu take wuni, maiƙon yatsa da ƙura sun isa su sa hoto ya yi hayaƙi, kuma na sha ganin wanda ya zargi wayarsa alhali wannan ne kawai. Kunna layukan da ke raba fuskar waya gida 9, su taimake ka kada ƙasa ta karkace. Taɓa wuri mafi haske a fuskar, sannan ka ja alamar rana ƙasa har sama ta dawo da launinta. Gara hoto ya ɗan yi duhu, ana iya ɗago inuwa daga baya, amma samar da ta ƙone ba ta dawowa. HDR, wato tsarin da waya ke haɗa hoto mai haske da mai duhu su zama ɗaya, yana taimakawa in tazarar haske ta yi yawa. In wayarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto da waya ba ta sarrafa ba, koyi amfani da shi. Da asuba ko almuru, jingina wayar da dutse ko jaka, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa 3 don kada hannu ya girgiza ta.

Wajen gyara, ka yi hattara. Yanzu an cika zuba launi har ciyawar Zazzau ta koma kamar fenti, wasu ma sukan ɗauko sama daga wani wuri su liƙa. Ni ban yarda da wannan ba. Ƙasarmu tana da launinta, ruwan ƙasa da toka da ja, kuma wanda ya girma a cikinta zai gane in an yi mata ƙarya.

Ranar da za ka sayi kyamara ita ce ranar da za ka iya faɗin abin da waya ta kasa yi maka da bakinka, misali shaho a can ƙololuwa, ko taurari a kan dutse, ko hoton da za a wanke babba. In ta zo, ta hannu mai lafiya ta wadatar, kuma gilashi mai jawo nesa da sanda mai ƙafa uku sun fi jikin kyamarar muhimmanci. Fara da sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a kan 100, buɗewar gilashi kuma a kan f/8. Kada ka taɓa sauya gilashi a kan dutse da hunturu, ƙura za ta shige ciki.

Hawan kansa

Nan ba zan sassauta maka ba. Kada ka hau da silifas ko takalmi mai santsin ƙasa, nemi kambas mai kama dutse. Ruwa lita 2 ga kowane mutum shi ne mafi ƙaranci, da hula, da tocila ban da ta waya. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya tafi gida. Na taɓa zamewa a kan wani falale cikin marka, bayan an ɗauke ruwa da kamar awa ɗaya. A ido ya bushe, ashe akwai siririn gansakuka inda ruwa ke tsattsafowa. Na yi wata biyu ban iya ɗora nauyi a wuyan hannuna ba. Tun daga ranar, dutsen da ya jiƙe ba na taka shi. In ka ga hadari ya haɗo ko ka ji tsawa ko daga nesa ne, sauko nan take, tsawa wuri mai tsayi take nema.

Kada ka zura hannu a ramin da ba ka ga ƙarshensa ba, akwai kububuwa da kunama. Ƙudan zuma suna yin gida a tsagun duwatsu, in ka ji gunjinsu ka canza hanya ba tare da hayaniya ba, kuma kada ka sa turare ranar hawa. Kada ka tafi kai kaɗai, ka bar wa wani labarin inda ka nufa da lokacin dawowarka.

Halin tsaro kuma ka san shi. Akwai duwatsun da na hau a da a yankunan Zamfara da Birnin Gwari waɗanda yau ba zan ba kowa shawarar zuwa ba, kuma abin yana ci mini rai. Yanayi yana sauyawa daga wata zuwa wata, ni daga nan ba zan iya yanke maka hukuncin wani wuri ba. Mutanen gindin dutse su ne suka sani. Je ka gai da mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi yaron gari ya raka ka, ka sallame shi da abin kirki. Kada ka ɗauki kowa hoto sai da izininsa, balle matan aure. Ka nisanci wuraren sojoji, jirgi marar matuƙi kuma yana buƙatar izinin hukuma. Ina kuma roƙonka, kada ka rubuta sunanka da fenti a jikin dutse, ledar ruwan da ka sha ka sauko da ita. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da suka yi ɗaruruwan shekaru, sun kai gare mu ne don waɗanda suka gabace mu sun bar su yadda suka same su.

Waƙar da ta ƙi fitowa

Ni ba sha'iri ba ne, mai ɗaukar hoto ne da ke son karatu, don haka ka auna maganata da wannan ma'auni. Amma ina jin ciwon waƙarka da na hotonka iri ɗaya ne. Ka je sau ɗaya, da rana tsaka, cikin hayaniyar abokai, ka so ka kwashe komai a tafi guda. Abin da mutum kan samu a irin wannan ziyara shi ne "kyau" da "girma" da "ban mamaki", kalmomin da za su dace da kowane dutse a duniya. Kamar gilashin wayar nan ne mai faɗin gani, ya ɗauki komai, bai riƙe komai ba.

A adabinmu dutse ya fi zuwa a matsayin misali. Makaɗan fada sukan kira sarki dutse ko tsauni don nuna ba ya gusawa. A tatsuniya da labaran da, gidan iskoki ne ko mafakar mutane lokacin yaƙi. Tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Dala da Barbushe da Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda. Kufena ma akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa, shaidar cewa mutane sun rayu a inuwarsa tun da daɗewa, kuma sunansa na tafiya tare da na Turunku a labarin kafuwar Zazzau. Wannan duk dukiya ce. Abin da ban cika gani ba shi ne rubutun da ya tsaya ya kalli dutsen don kansa, ya faɗi launinsa da hantsi, ya faɗi ƙamshinsa bayan ruwan farko. Akwai fili a nan, kuma ina ganin irinku ne za su cike shi. Umarnin kallon ma muna da shi. A Suratul Gashiya an tambaye mu ko ba ma duban raƙuma yadda aka halicce su, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. Na sha tuna waɗannan ayoyi ina zaune a kan dutse ina jiran haske, domin sama da dutse da shimfiɗar ƙasa duk suna gabanka a lokaci guda.

Abin da nake yi, wanda kai ma za ka iya gwadawa, shi ne in tafi da ɗan littafi da biro. In na isa, ba na fito da kyamara sai na zauna kamar minti 20. Ina rubuta abin da ke wurin da sunansa, ban da yabo. Ba "tsuntsu" ba, hasbiya ce ko shirwa. Ba "itace" ba, kukuki ne ko ceɗiya. In ban san sunan ba, in tambayi yaron da ya rako ni ko makiyayin da na tarar, kuma sau da yawa sunan yakan zo da labarinsa. Ina rubuta abin da kyamara ba za ta taɓa ɗauka ba: ɗumin da dutse ke mayarwa a tafin hannu bayan magariba, kiran salla da ke tasowa daga unguwa ɗaya, wata ta karɓa, har ya zagaye birni, sautin daka daga wani gida da ba ka gani, rema da ta leƙo ta koma. A nan waƙa ta fi hoto ƙarfi, kuma a nan ne sana'ata ta tsaya.

Ga abin da nake so ka yi. Zaɓi wuri ɗaya a gindin Kufena, ba sama ba. Je masa sau ɗaya a kowane wata, sau ɗaya da asuba, wata mai zuwa da la'asar sakaliya, daga yanzu har kaka. Kowane zuwa ka ɗauki hoto daga inda ka tsaya a baya, ka rubuta layi biyar na abin da ka gani da abin da ka ji, da kwanan wata da sa'a. Idan Oktoba ta wuce, ka zaɓi hotuna 3 da shafi ɗaya daga littafin ka turo mini, mu duba tare. Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'a a karatu.